Wa zai rubuta tarihin ƙananan majami'u?

Mutumin Ɗan Gulbi da ya gangara Maraɗi cin kasuwa zai wuce majami'ar laka mai rufin kwano bai ko waiwaya ba, alhali akwai tarihin kusan shekara ɗari a bayanta. 'Yan mishan na Baptis sun fi kafa sansani a yamma, wajen Yamai da ƙasar Zabarmawa. Nan ƙasar Hausa kuwa ƙungiyar mishan ta SIM ce ta yi kaka-gida: ta sauka Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na kutare a Danja a 1956. Abin da ke damuna shi ne, kusan duk abin da aka adana labarin Turawan ne, wasiƙunsu da rahotanninsu. Ina labarin manomin da ya koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya koma ƙauyensu yana wa'azi, yana kuma noma gero kamar kowa? Ina na matan zumunta, masu tara kuɗi kwabo-kwabo su sayi benci? Barbara Cooper ta yi ƙoƙari a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, amma da Turanci ne, jikokin mutanen ba sa karanta shi. Majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 sun nuna takarda ba ta da tabbas. Dattawan na nan da ransu, kowace waya kuma tana ɗaukar murya.