Leda ba rufin amfanin gona ba ce

Ƴan'uwa manoma, sau da yawa wahalar shekara guda a bayan mota take lalacewa. Masu a-kori-kura da dama leda suke saye don sauƙin kuɗi. Mu dai a ganinmu, araha ba ta ado. Leda tana tsare ruwa, amma tana riƙe zafi da laima. Albasar Galmi takan ruɓe a ƙarƙashinta, gujiya kuma ta yi fumfuna mai cutar da hanta.

Tamfol na zane mai kauri ya fi. A duba ɗinkinsa da ramukan igiya. A ɗaure shi bisa ƙarafa, don ruwa ya gangara, iska ta ratsa.

Kafin mu yi lodi, mu dubi rufin. In leda ce, mu jira wata motar.