Muna Son Wasa Mai Zafi, Amma da Ƙashin Wa?

Akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a wuraren shan ataya, daga Sofoline har Aboabo da Asawase. Dattawanmu na cewa ƙwallo ta lalace. A faɗarsu, a da in Asante Kotoko za ta kara da Hearts of Oak, tun ana saura mako guda gari ke ɗaukar zafi, kuma ɗan bayan da ya bari ɗan gaba ya wuce shi da ƙafafunsa biyu lafiya, to, ya ci amanar riga. Yanzu kuwa, in ji su, da an ɗan taɓa mutum sai ya zube yana birgima, alƙalin wasa ya zaro kati. Samari kuma na mayar musu da cewa wancan ba ƙwallo ba ce, yaƙi ne aka sa wa riga mai lamba, shi ya sa suka gwammace su biya kuɗin gidan kallo su ga wasan Ingila.

Dattawan suna da gaskiya a kan abu guda: hamayya ita ce gishirin wasa. Hearts ta girmi ƙasar Ghana kanta, domin an kafa ta a Accra a 1911. Kotoko ta zo a 1935, ta ɗauki beguwa a matsayin alama, tare da kirarin Tonawa mai cewa in ka kashe dubu, wasu dubu na tafe. Kotoko ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, Hearts ta ɗauka a 2000. Wanda ya kai shekarun hankali a Janairun 2005 bai manta ranar da Hearts ta zo har cikin Kumasi ta ɗauke kofin Confederation na farko da bugun fenariti, takwas da bakwai, gari ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba don akwai Hearts ba, da nasarar Kotoko ba ta da daɗi, haka su ma can. Duk mai son a kashe wannan hamayya don a zauna lafiya, ba mu tare da shi.

Mu 'yan Zango kuma ba 'yan kallo kawai muke ba a wannan tarihi. Filin wasan garin nan sunan ɗanmu yake ɗauke da shi, Baba Yara, wanda aka yi wa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Dogo Moro, Malik Jabir, Ibrahim Sunday da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971 ya kuma horar da Kotoko ta ci kofin 1983, Abdul Razak da ya karɓi wannan kambu a 1978, duk sunaye ne irin na gidajenmu. A can ɓangaren akwai Mohammed Polo na Nima, wanda ya sa Kotoko kuka ba sau ɗaya ba. Ga kuma King Faisal ta Alhaji Grusah a nan kusa da mu. Saboda haka in ana maganar a karya ƙafa don a kare martabar riga, yana da kyau mu tambaya: ƙafar wa? Sau da yawa ta ɗan maƙwabcinmu ce, ko ta ɗan 'yar'uwarmu da aka aurar a Accra.

Kwanan nan wani sabon abu ya shigo cikin musun. Yaranmu na ganin gajerun hotunan bidiyo a waya na irin ƙwallon zari-rugar da Amurkawa ke bugawa, inda ƙarti sanye da hular kwano ke gwara kai da gudu. Masu son taurin wasa suka samu hujja, suna cewa ga maza nan, ga yadda ake yi. Hukumar wasan, NFL, ba ta yi barci ba, domin har sansanin neman 'yan wasa ta zo ta buɗe a Accra a 2022, bayan ta ga irin su Ezekiel Ansah, ɗan Accra da Detroit ta ɗauka a 2013. Tsarin nasu da gangan aka gina shi don ya haifar da gaba: ƙungiya 32 aka kasa rukuni takwas, huɗu-huɗu, kuma kowace ƙungiya sai ta haɗu da abokan rukuninta sau biyu a kowace shekara, gida da waje. In ka daki mutum a Satumba, ka san za ka sake ganinsa kafin kakar wasa ta ƙare. Haka Pittsburgh da Baltimore da Cleveland da Cincinnati suka yi suna wajen ƙiyayya da mugun karo.

Abin da bidiyon daƙiƙa ashirin ba ya nunawa shi ne abin da ya biyo baya. A Oktoban 2024 Cleveland ta kara da Baltimore. Jeremiah Owusu-Koramoah, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, ya yi karo da Derrick Henry, ya ji rauni a wuya, aka fitar da shi a kwance zuwa asibiti. Bai sake buga wasa a wannan kaka ba, kuma ƙungiyarsa ta sanar cewa ta 2025 ma ba zai buga ba. Kafin wannan, a 2002, wani likita ɗan Najeriya mai binciken gawa a Pittsburgh, Bennet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙungiyar garin da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Ya gano cewa yawan bugun kai ne ya lalata ƙwaƙwalwar sannu a hankali. Hukumar wasan ta daɗe tana musanta binciken. Daga baya tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 suka kai ta ƙara, a 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765, kuma adadin ya ƙaru bayan nan. Yau su da kansu sun hana sukar abokin wasa da ƙoƙon hular kwano, sun ajiye likitoci masu ikon fitar da duk wanda ya bugu a kai, ko shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Wato waɗanda muke kafa hujja da su sun riga sun fara janye jiki daga abin da muke yabo.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu hular kwano ce. Wani bincike da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2019 ya nuna cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa na Scotland sun fi sauran jama'a mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi. Tun daga Yulin 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka bai wa masu shirya gasa damar ƙarin canji na musamman ga wanda ya bugu a kai. Bambancin kawai shi ne, ɗan wasan Amurka in ya nakasa akwai lauya da fansho a bayansa. Yaron da aka karya wa gwiwa a gasar gala ta bayan Sallah, a filin da tsakuwa ta fi ciyawa yawa, ba shi da kowa sai uwarsa mai sayar da koko da ƙosai. Ita za ta yi jigila tsakanin asibitin Komfo Anokye da gidan maɗori. Mu da muka yi ihun "ba shi!" a bakin fili mun daɗe da komawa gida.

Baba Yara kansa ba keta ce ta kwantar da shi ba, haɗarin mota ne a Kpeve a Maris na 1963, yana tare da Real Republikans, ƙungiyar da Ohene Djan ya haɗa a zamanin Nkrumah ta hanyar zare taurari daga sauran ƙungiyoyi, abin da mutanen Kumasi suka daɗe ba su yafe ba. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dawo bai sake takawa ba, ya rasu a 1969 yana ɗan shekara 32. Sai a 2004 aka sa wa filin sunansa. In wanda ƙasa duka ta yi wa kirari ya ƙare shekarunsa shida na ƙarshe a kwance, me muke tsammani ga yaron da ko jarida ba ta san sunansa ba?

A nan ne muke ganin dattawanmu sun haɗa abu biyu da al'adarmu ta raba tun tuni. Bahaushe bai taɓa tsoron wasa mai zafi ba. Dambe namu ne, kuma babu wanda zai ce dambe wasan lalaci ne. Amma a dambe, da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Ba a bin wanda ya faɗi da duka, kuma wanda ya yi haka ya zubar da girmansa a gaban makaɗa da 'yan kallo. Kudu da Arewa da Guramada na iya yin shekaru suna jifan juna da kirari, amma kowa ya san iyaka. Ɗan bayan da ya zo da ƙarfi ya ƙwace ƙwallo, ya bar abokin karawarsa ya tashi ya kakkaɓe ƙura, jarumi ne, mu ma muna tafa masa. Wanda ya bar ƙwallo ya nufi idon sawu da ƙusoshin takalmi, mugu ne, ko jar riga ya sa ko mai ratsin bakan gizo.

Haka ita ma hamayyar, muna da ma'auninta a gida. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, suna iya yi wa juna ba'ar da in baƙo ya ji zai ce yanzu za a zare wuƙa, amma ranar jana'iza su ne a sahun gaba. Maƙwabtanmu Frafra da Dagaaba sun mayar da irin wannan wasa har ya zama gasar shekara-shekara, inda ake ta gardama a kan ɗan kwikwiyo ana dariya. Da a ce mun ɗauki mai goyon bayan Hearts a matsayin taubashi, da an huta. Ka tsokane shi, ka aika masa da saƙon ta'aziyyar ƙarya ranar da aka lallasa su, gobe ka biya masa kuɗin waakye.

Mun san abin da ke faruwa in aka ƙetare wannan iyaka, kuma mun san shi da gawawwaki. Ranar Laraba 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, Kotoko na gaba da ci ɗaya, sai Ishmael Addo ya zura biyu a ƙarshen wasa. Magoya bayan Kotoko suka fusata da alƙalanci suka fara ɓalle kujeru suna jifa. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, ƙofofi na rufe, mutane suka danne juna a kan matakala. Fiye da mutum 120 suka mutu, kuma tana cikin masifun filin wasa mafi muni da aka taɓa gani a nahiyar Afirka. Da yawa daga cikin mamatan 'yan Zango ne, shi ya sa bayan jana'iza matasan Nima suka fito zanga-zanga a kan 'yan sanda. Hukumar binciken da aka kafa ta ɗora babban laifi a kan 'yan sanda, an gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su. Babu mai wanke waɗanda suka harba hayaƙin. Sai dai kujerar farko ba ɗan sanda ne ya ɓalle ta ba, kuma wannan ɓangaren ne ba mu cika son tunawa ba in ranar ta zagayo.

Wanda ya ce wannan tsohon labari ne, ya tuna ranar Lahadi 2 ga Fabrairu, 2025. Kotoko ta je Nsoatre, a kan hanyar nan ta Sunyani da motocinta ke bi ta gabanmu a Sofoline kullum. Rikici ya tashi a filin, aka daɓa wa wani sanannen mai goyon bayan Kotoko, wanda kowa ya sani da Nana Pooley, wuƙa, ya mutu. Sai da aka dakatar da gasar ƙasar baki ɗaya na makonni. Shekara 24 tsakani, darasi bai shiga ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba. Duk lokacin da ake neman ƙarti da za su tare ƙofa, ko su tsorata alƙalin wasa, ko su raka wani babba, unguwanninmu ake zuwa haya, kamar yadda ake yi lokacin zaɓe. In abu ya ɓaci, wanda ya biya kuɗin ya shige motarsa, sunan Zango ne zai fito a rediyo. Yaron da ya tashi yana jin manya na yabon wanda ya karya ƙafar wani, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka cewa ƙarfin damtse shi ne kaɗai jarinsa.

Ba mu da iko da hukumar ƙwallon ƙasa, ba mu da iko da masu sharhin wasanni da ke hura wuta da sassafe. Amma gasar gala tamu ce, ƙungiyoyin yara na unguwa namu ne. Masu shirya su na iya yanke shawara tun kafin Sallah mai zuwa cewa duk yaron da ya bugu a kai har ya yi jiri ko ya rasa inda yake, ya gama wasa a ranar, ko shi ne kaɗai mai ci musu ƙwallo, ko ubansa ne ya sayi rigunan. A ware wani kaso daga kuɗin rajista don jinyar wanda ya ji rauni, a ajiye shi a hannun dattijon da kowa ya yarda da shi. Ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙalin wasa a kore ta daga gasar, kuma kada Sarkin Zango ko liman su karɓi roƙo a kanta, domin a nan ne irin waɗannan hukunce-hukunce ke mutuwa, in an zo da goro ana cewa a yi haƙuri yara ne.