Wa Ke Leƙa Bakin Yaro?

Sharhinmu na yau a kan haƙoran ƙananan yara yake, kuma da iyayen Ibohamane ta gundumar Keita muke magana, da na Buza da Madawa, da sauran garuruwan Adar da Majiya.

A kasuwanninmu babu magidancin da zai sayi tunkiya bai buɗe bakinta ya duba haƙora ba. To, yaushe rabon wannan magidancin da ya ce wa ɗansa mai shekara uku, "Buɗe bakinka in gani"? Da yawa za su ce, "Ai haƙoran nono ne, zubewa za su yi." Daga wannan magana ɓarna take farawa.

Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida. Kafin yaro ya cika shekara uku ya haɗa guda 20. Ba sa fara faɗuwa sai wajen shekara shida, turamen ciki kuwa suna kaiwa shekara 11 ko 12. Ke nan wasunsu shekara goma suke yi suna aiki. Da su yaro yake tauna, da su yake koyon furta magana, su ne kuma suke riƙe wa haƙoran girma gurbi. Idan suka ruɓe aka cire su da wuri, na baya sai su fito a karkace. Akwai kuma turmin girma na farko, wanda yake fitowa can ƙurya wajen shekara shida ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sukan ɗauka na nono ne, su bar shi ya lalace, alhali kuwa ba shi da magaji.

Mutane suna cewa tsutsa ce take cin haƙori. Babu tsutsa a ciki. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke manne a jikin haƙori. Da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye ɓawon haƙori. Miyau yana gyara ɓarnar idan an ba shi lokaci. Shi ya sa alawar da yaro ya wuni yana tsotsa ta fi wadda ya cinye bayan tuwo illa. Da dare kuwa miyau yana raguwa, don haka kunu mai sukari da aka ba yaro yana gyangyaɗi ya fi kowanne ɓarna. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne suke fama da ruɓewar haƙoran nono a duniya.

To daga ina sukarin yake zuwa? An saba ɗora laifi a kan uwa, amma a duba da kyau. Wa yake dawowa daga kasuwa da alawa da biskit a aljihu? Wa yake zaune a majalisar shayi, yaro ya raɓo, a tsiyaya masa na uku, wanda ya fi zaƙi? Kaka ma ba a bar ta a baya ba, da jika ya yi kuka sai ta kwance bakin zane. Duk ƙauna ce, babu mai musu. Sai dai harshen da aka saba wa zaƙi tun yana goye da wuya ya karɓi koko ba sukari. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gidan da manya suke goge baki a gaban yara, yaran da kansu suke neman aswaki.

Kayan aikin kuwa ba su yi mana nisa ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, yau kusan babu ƙauyen da ba shi da wannan icce, wanda ake yin aswaki da reshensa. Aswaki sunna ce da kowane Musulmi ya sani, amma mun mai da ita ta manya kaɗai. Jariri tsumma mai tsabta ya ishe shi, a jiƙa da ruwa mai kyau a goge masa dasashi. Da haƙorin farko ya fito, a fara goge shi safe da dare. Mai halin sayen buroshi da man goge baki ya nemi mai sinadarin fuloraid, wanda yake ƙarfafa ɓawon haƙori. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. Babba ne zai riƙe hannun yaro har wajen shekara bakwai, domin ƙaramin yaro haƙoran gaba kawai yake gogewa.

Wata al'adar da take cutar da mu ita ce jingina kowace rashin lafiya ga haƙori. Yaro yana zawo, jikinsa ya yi rau, sai a ce, "Haƙori ne." Fitowar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Lokacin nasu ne yake haɗuwa: a watannin nan yaro yake fara rarrafe, yana kai komai baki, yana fara shan kunu. Yayin da ake jiran haƙori ya fito, zazzaɓin cizon sauro ko zawo yana cin yaro. Wasu su tafi wajen wanzami a tsaga dasashi, wasu su sayi kafso a tire. Daga cikin irin waɗannan kafso akwai tetirasaikilin, wanda yake rina haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba, rinin da ba ya fita.

Masu sauraro, maganar ta wuce ta kyan murmushi. A yankinmu akwai cutar noma, wadda wasu suke kira zaizayar baki, wasu ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman wanda tamowa ta raunana, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, bakinsa kuma babu tsabta. Tana farawa da dasashi mai jini da warin baki. Sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki nama ya yi baƙi ya zube, har ƙashi ya bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan babu magani, kusan tara cikin goma na yaran da ta kama ba sa rayuwa. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

A watan Disamba na 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A Sakkwato akwai asibitin yara masu noma tun 1999. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara tun 1992. Amma aikin tiyata gyaran abin da ya riga ya faru ne. Kwanakin da ake ceton fuskar yaro a tsakar gida suke wucewa, a gaban uwa da uba.

Gwamnati ma tana da nata. Likitocin haƙori a ƙasar nan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yamai da manyan birane. Ba mai tsammanin ganin ɗaya a kowane ƙauye gobe. Abin da zai yiwu shi ne a koya wa ma'aikatan gidajen likita da ungozomomi duba baki, ya zama duk yaron da aka kawo awo ko allurar rigakafi sai an haska bakinsa. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ya kamata wannan alkawari ya tabbata har kan kantar magani, kada uwa ta taka daga ƙauye a rubuta mata takarda ta koma hannu rabbana.

Ku kuma iyaye, ga naku. Nonon uwa zalla har wata shida. Allurar ƙyanda a wata tara. Yaye a hankali, ba a wayi gari an kai yaro gidan kaka ba. A Ibohamane, inda madatsar ruwa ta daɗe tana ba da damar noman rani, kada kayan lambu su tafi kasuwa kaf, a bar wa tukunyar yara rabonta, a haɗa da wake da zogale da nono. Sannan ko da sau ɗaya a mako, a zaunar da yaro inda haske yake, a ɗaga leɓensa a duba. Farin tabo ko baƙi a gindin haƙori alama ce ta fara ruɓewa. Jini a dasashi, ko wari, ko kumburin kunci, wannan ba ya jiran ranar kasuwa: a ranar za a kai shi likita, kuma maigida ne zai ba da izni da kuɗin mota ba tare da jan ƙafa ba.

Sharhin ke nan na yau. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. A huta lafiya.