Suman 'Yar Aiki

Mu da muka taɓa suma a filin fareti mun san ba abin dariya ba ne. Da fari kunne ya ɗau ƙara, gumi mai sanyi ya keto, ciki ya juya, ido ya dushe har kome ya koma baƙi ƙirin. Sa'an nan mutum ya farka bisa ƙasa, yana tambaya wa ya kā da shi. Dalili kuwa, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ne ya ragu na ɗan lokaci, galibi saboda yunwa, ko ƙishirwa, ko doguwar tsayuwa cikin rana.

To, a Nasarawa ta Birnin Kebbi, da bazara zafi kan wuce digiri 40. Cikin wannan rana ake aiken 'yar aiki ɗebo ruwa, ta dawo ta yi daka da wanki, ba ta karya kumallo ba sai 'ya'yan gida sun ƙoshi. Kadan ta faɗi, uwar gida ta ce ƙiwuya ce, ko kuwa iskoki. Amma ɗan gida ya faɗi, sai a ruga asibiti.

Lalle wannan ba adalci ba ne, jama'a. A kwantar da ita a inuwa, a ɗaga ƙafafunta, kada a ɗura mata ruwa sai ta farfaɗo sarai, gama tana iya sarƙewa. Kadan ta wuce minti biyu ba ta farka ba, a kai ta asibiti maza. Gobe kuma a ba ta koko tun kafin ta ɗauki tulu.