Na'urar zamani da bakin talaka: amsar ɗan Dakoro

Wani ƙanena da ya samu BAC a nan Dakoro ya zo mini da damuwa. Yana neman lakwal ta koyon likitancin haƙori, kuma ya ji cewa inda ake ganawa da ɗalibi baki da baki, malamai sukan tambaya: yaya za ka yi da sabbin na'urorin aiki? Amsar da na ba shi zan faɗaɗa a nan, domin ƴan'uwansa masu niyyar Dakar, Bamako, Abijan ko Kano.

Da fari, a san abin da ake magana a kai. Tun 1973 wani Bafaranshe, François Duret, ya kawo dabarar ɗaukar siffar haƙori da haske, maimakon cusa wa mutum ƙullu a baki. A 1985, a birnin Zurich, aka fara sassaƙa cikon haƙori da injin CEREC wanda odinatar ke sarrafawa. A 1987 hoton rediyo na haƙori ya soma fitowa nan take a allo, ba sai an wanke fim ba. Zamani riga ne. Wanda bai san waɗannan ba, bai shirya ba.

Sai dai haddace sunaye bai isa ba, hankalin ɗalibi malamai ke aunawa. A nan ɗan Dakoro ya fi ɗan Pari, domin ya san ranar da babu kuran. Mun ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A irin wannan rana, injin miliyoyin sefa kwalliya ne kawai. To, sai ɗalibi ya ambaci dabarar ART, wadda aka soma a Tanzaniya tsakiyar shekarun 1980: a kankare ruɓar haƙori da ƴan ƙarafan hannu, a cike ramin da wani siminti na musamman, ba injin haƙa, ba lantarki. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tallata ta a 1994.

Sannan ya tuna da noma, ciwon da ke cin fuskar yara masu tamowa, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6. Da kumburin dasashi yake farawa. In an gane shi da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tsabta da abinci suna tsayar da shi. In an makara, mafi yawan yaran ba sa rayuwa. Sakkwato na da asibitinsa tun 1999, amma sai a Disamban 2023 OMS ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Hoton bakin yaro da ma'aikacin lafiya zai ɗauka da salula a Kornaka, bisa yardar iyaye, ya aika wa lokotoro a Maraɗi, yana iya ceton rai. Wannan ma na'urar zamani ce.

Saboda haka na ce da ƙanena: duk na'urar da aka ambata maka, nuna kana son koyonta, sa'an nan ka auna ta da tambayoyi uku. Wa za ta amfana? Wa zai gyara ta in ta lalace? Nawa talaka zai biya? Wanda ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, amma za ka koya.

In Allah ya ba ka digiri, ka dawo gida. Bakin Dakoro yana jiranka. Sai mako mai zuwa.