Wa za mu miƙa wa mikro a zaman dare na ƴan kulob ɗin muhalli?

Yau maganarmu a kan zaman dare ne da matasa masu kishin daji da itace ke shiryawa a unguwanni: a gayyato baƙo, a ɗora shayi, ya yi jawabi, a yi masa tambayoyi. Abin ya yi, mun yaba. Sai dai akwai inda muke da ja.

Ku duba waɗanda ake gayyata. Kusan kullum mushe ne daga wani furoje ko daga jami'a, ya zo da kwamfuta, ya haska hotuna a bango, ya yi awa guda cur da faransanci. Ɗalibai ƴan lise su tafa. Tsoho mai gona da matar da ke sayen icen girki kullum, waɗanda maganar ta fi shafa, su yi zuru har su sulale. Mu ma lakwal ɗin nan munka yi, ba mu raina ilimin boko. Amma ilimin itace a ƙasar nan ba a ofis ya tsiro ba.

Sassaben zamani fa? A Maradi anka fara shi, wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. A zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran, a kiyaye su daga dabbobi da gatari. Shi ke nan. Manoma ne sunka ɗauki abin gona bayan gona, har masu bincike sunka ƙiyasta hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200, a jihohin Maradi da Damagaram. Mutanen Ɗan Saga da ke yankin Agye har kwamitin tsaron itace sunka kafa. To don me ba za a ɗauko ɗaya daga cikinsu ya zauna kujerar baƙo ba? Shi zai faɗa muku da Hausa tsantsa dalilin da ya sa hatsin gindin gawo ya fi kyau: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ga taki, ga ƴaƴansa abincin bisashe da rani. A Tawa kuma akwai masu haƙa tassa da sunka mai da fako gona.

Ba mu ce a kori masana ba. A kira ma'aikacin gandun daji ya yi bayanin dokar 2020 kan sassaben zamani, don har yanzu akwai manomin da ke tsoron barin icce a gonarsa kada gobe a ci shi tara in ya sare reshe. A kira wanda ya san labarin raƙuman dawa takwas da anka kwaso daga Kure zuwa Gadabeji a 2018, yara za su so shi. Amma ya yi Hausa, ko a samu tafinta.

Sannan lokaci. In an sa zaman bayan isha'i har sha ɗaya, mata ba za su zo ba, kuma kun sani. A gwada bayan la'asar ranar asabar. Baƙon da ya taso daga ƙauye kuma a haɗa masa kuɗin mota, ko jaka biyu ce, kada a sallame shi da "mun gode" kawai. In kun naɗi muryarsa a salula ku turo mana, mu sa a rediyo.