Horo Kafin Bindiga

Duk wanda ya yi zaman benci a gidajen kallo na Funtuwa da Malumfashi zamanin kaset da janareta, ya san akwai fim ɗin soja iri guda da ba a gajiya da shi: a kwaso samari, a yi musu aski ƙwal-kwabo, a damƙa su hannun wani sajan da bai san fara'a ba. Ga Full Metal Jacket na 1987, wanda sajan ɗin cikinsa, R. Lee Ermey, tsohon mai horar da kurata ne na gaske a rundunar Amurka. Ga Prahaar na Indiya, 1991, inda Nana Patekar yake gasa wa kurata aya a hannu.

A yi nisa cikin fim, ba a ga abokin gaba ba. Sai gudun asuba, sai rarrafe cikin laka, sai fareti, sai gwale-gwale. Mu muna dariya, ashe karatu ake ba mu: horo kafin bindiga. Ba na yabon zalunci. A fim ɗin Amurkan ma, azabar da ta wuce kima ce ta juya kan wani kurtu har ya harbe sajan ɗin. To idan mai horo zai iya kaucewa haka, ina ga wanda bai taɓa taka filin fareti ba?

Kuma mu nan ba sai Amurka ta koya mana ba. Dafon horar da sojoji na Zariya yana nan tun 1924, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga tashar Funtuwa. Yaro ya tafi yana jan silifa, ya yi wata shida, ya dawo ko tsayuwarsa ta canja. Rundunar tsaron al'umma da jiharmu ta ƙaddamar a Oktoban 2023 ma sai da ta shiga sansanin horo.

Amma yau fa? Wasu masu faɗa-a-ji a ƙauyuka da unguwanni sun gano gajeriyar hanya. A tara kuɗi, a sayo harba-ruga, a miƙa wa yaro da safe, da daddare ya zama ɗan sa-kai. Bindiga kafin horo! Bai san wa zai tsayar ba, bai san wa zai ƙyale ba, bai san muryar da za ta ce masa "dakata" ya dakata ba. Bindiga kafin horo! Ranar kasuwa ya kama baƙo saboda shigarsa ko yarensa, a wayi gari ramuwa ta faɗa kan manomin da ya je duba masararsa. Wanda ya miƙa bindigar kuwa yana gida, ƙofa a rufe.

Su gidajen kallon ma, Allah ya jiƙan rai. Yanzu ƙwallo ce safe da dare, yaro ya haddace sunayen 'yan wasan Ingila kaf, har da masu zaman benci, amma ce masa ya tashi sallar asuba ka ga yaƙi. Abin da ya rage masa na soja shi ne guntun bidiyo a waya, daƙiƙa talatin, harbi zalla, an yanke gumin.

Na san ɗacin da ake ciki daga Faskari zuwa Ƙanƙara, daga Sabuwa zuwa Dandume. Mutumin da ɓarayin daji suka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa ba ya son dogon wa'azi. A Prahaar ɗin ma, wani sojan da ya dawo gida 'yan karɓar kuɗin dole na unguwarsu ne suka kashe shi. Kare kai wajibi ne. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, tsofaffin sojoji suna nan cikinmu sun yi ritaya. Ku nemo su, ku haɗa kai da hukuma, a tantance yaran nan, a horar da su, a san wanda zai tsawata musu. Wanda bai sha fareti ba, don Allah kada a ba shi bindiga.